Agogon Zafi a Motar Baba Illo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da agogon da na ɗaura da hannuna ya kusa raba wani dattijo da aikinsa ba, ni kuma ina zaune kusa da shi ina gyaɗa kai kamar na san abin da nake yi.

Sana'ata gyaran wutar mota. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, nan Maradi, kuma a lokacin ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon sana'a ba. Takardar shaidata na sa ta a gilashi, na rataye ta daidai inda duk wanda ya shigo sai ya gan ta. (Har yau tana nan, amma ta koma bayan ƙofa.) A wancan zamanin, duk abin da aka tambaye ni amsata ɗaya ce, na iya. Ko jirgin sama aka turo mini ƙofar shago, zan ce a dawo bayan la'asar.

Kawun matata, wanda kowa ke kira Alhaji kawai, ɗan kasuwa ne mai manyan motoci uku da ke ɗauko masa kaya daga Kwatano. Wata rana turbon ɗaya daga ciki, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ya ƙone a hanya, motar ta yi mako biyu a daji da kaya a kanta. Da Alhaji ya je Kano sai wani ya sayar masa da agogon da ke auna zafin hayaƙin inji, ya ce masa da wannan direba zai ga haɗari tun kafin ya zo. Abin ba shi da wani girma. Agogo ne mai allura da ake kafawa gaban direba, da doguwar waya, a ƙarshenta kuma wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa. Wannan ƙusar ita ce duka aikin, domin dole ta shiga cikin bututun da hayaƙi ke fitowa daga inji. Wato sai an huda bututun, an yi masa zare, an ɗaure ta a ciki.

Amma Alhaji yana da wata manufa ta biyu, kuma bai ɓoye mini ita ba. Babban direbansa, Baba Illo, ya fi shekara ashirin yana ja masa mota. Bai taɓa faɗuwa ba, bai taɓa ƙona inji ba, sai dai tafiyarsa ta ishi Alhaji. Ba ya gudu, kuma duk dawowar da zai yi da kaya sai ya tsaya a Tsibiri rabin awa, ya ce inji ya yi zafi yana son ya huce. To, gidan Baba Illo a Tsibiri yake. Alhaji ya ce shi a ganinsa furar gida ce ke tsai da motar, kuma agogon nan ne zai raba gardama. In ya nuna ƙarya dattijon yake yi, akwai samarin direbobi a layi.

Aka kawo motar ranar Laraba. Haɗa waya bai ɗauke ni awa ɗaya ba, wannan kam aikina ne. Na kafa agogon tsaf, har da ɗan fitilarsa. Sai aka ɗaga kan motar don injin ya bayyana, na tsaya gaban bututun da na'urar huda a hannu, na tuna cewa ban taɓa huda irinsa ba. Na duba a waya yadda ake yi. Duk wanda na kalla sai ya yi gargaɗi iri ɗaya: in ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki, turbo zai haɗiye shi ya mutu nan take. Wato abin da aka sayi agogon don a kare, ni zan kashe shi da hannuna, a motar kawun matata. Tsoro ya kama ni sosai.

Baba Illo yana nan zaune ƙarƙashin itacen bedi, taku goma daga inda nake, yana shan shayi. Da na kira shi na ce ban iya ba, da magana ta ƙare. Amma yaya mai takarda a gilashi zai tambayi wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ko ajin farko na boko? Sai na ɗauko gwangwanin madara da na sha koko da ita da safe, na yanka shi da almakashi, na manna ƙusar a bayan bututun daga waje, na naɗe ta da gwangwanin, na ɗaure da waya. Aka sauke kan motar, na ta da inji. Bayan ɗan lokaci allura ta motsa kaɗan. Na ce wa kaina ai ga shi tana aiki, gobe in na samu natsuwa zan huda yadda ya kamata. (Goben nan ta zo sau uku, ban huda ba.)

Ranar Asabar da hantsi aka loda wa motar buhunan taki za a kai Jiratawa, a ɗauko barkono a dawo da shi. Alhaji ya bar motarsa mai sanyi ya hau gaban babbar mota, ya ce da idonsa zai gani. Ni aka sa a tsakiya a matsayin masani. Tun kafin mu fita gari na fara bayani. Na nuna musu jan layin da ke kan ɗari bakwai, na ce in allura ta kusa nan inji na cikin haɗari, in tana ƙasa kuwa babu abin da ke damunsa. Na yi ta zuba kalmomin Faransanci, rabi don Alhaji ya ji daɗi, rabi don kada in ji muryar da ke yi mini magana a ciki.

Da muka bar kwalta muka shiga rairayin da ke kai wa ga lambunan gulbi, motar ta fara nishi. Baba Illo ya rage giya, ya sake ragewa, ya ɗan leƙa da kansa ta taga yana shaƙar iska. Sai ya ce inji ya yi zafi, zai tsaya gindin itacen can ya bar shi yana aiki a hankali har ya huce. Alhaji ya dubi agogo. Allura tana kwance wajen ɗari biyu, ko rabin hanya ba ta kai ba. Ya juyo ya tambaye ni me na gani.

A nan ne fa. Ƙofa a buɗe take, kalma huɗu ko biyar sun isa. Na san ƙusar nan zafin bayan ƙarfe take ji da iskar hanya, ba ta taɓa ganin hayaƙi ba. Na san dattijon nan gaskiya yake faɗa. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce:

"Alhaji, na'ura ba ta ƙarya."

Baba Illo ya dube ni sau ɗaya. Bai tsaya ba kuma. Ya lallaɓa motar a ƙaramar giya har muka isa.

A wurin sauke kaya akwai manoma sun kai ashirin da masu dako suna jira. Alhaji ba mutum ne mai ɗaga murya ba, amma bai ja dattijon gefe ba, a gaban kowa ya yi maganar.

"Illo, shekara nawa kana ce mani inji ya yi zahi? Yau ga shi mun gani tare. Ba ni makulli. In anka sauke kaya wani zai maida ta gida."

Baba Illo ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu.

"Motarka ce, Alhaji, amshi. Abu guda nika roƙo. Ka bar ni in ga wanga shaida da anka kawo a kaina, ko sau guda."

Ya kira wani mai dako ya taya shi, suka ɗaga kan motar. Zafin da ya taso daga injin sai da ya sa mutane suka ja baya. Ni ina tsaye ina addu'ar ko waya ta tsinke gwangwanin ya faɗi a hanya, in ce sace shi aka yi. Ina! Yana nan daram. Gefe ɗaya ya yi baƙi, ɗaya gefen kuwa hoton saniyar da ke jiki yana nan tas tana kallonmu. Wayar ta saki, ƙusar ta zame rabinta a waje tana shan iska.

Baba Illo ya sa tsumma ya zare gwangwanin, ya shafa bututun daga sama har ƙasa yana neman huda, babu. Ya ɗaga gwangwanin sama don Alhaji ya gani. Wani manomi ya ce ashe motocin yanzu madara suke sha, sai dariya ta ɓarke. Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya tambaye ni mene ne wannan. Wallahi abin da ya fito daga bakina shi ne wai sabuwar dabara ce. Ya ci gaba da kallona. Sai na faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa, cewa ban iya huda ba ne, tsoro na ji. Ya ce in ƙara faɗa da ƙarfi don na baya su ji. Na ƙara faɗa.

Alhaji ya taka ya je ya sa makullin cikin aljihun Baba Illo da kansa, ya ce ya yi haƙuri. Ni kuwa aka ce gaban mota ya cika. A bisa buhunan barkono na dawo Maradi, ina atishawa hawaye na zuba, kuma na gode Allah da barkonon, don duk wanda ya gan ni zai ce shi ne ya sa. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini abinci ta fita tsakar gida, na ji ta tana dariya ita kaɗai.

Washegari da safe sai ga Baba Illo da motar a ƙofar shagona. Na so in ɓuya, babu inda zan shiga. Ya kwance turbon daga bututun, ya toshe bakin da tsumma, ya shafa wa bakin na'urar giris don ɓarɓashi ya manne a jiki, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya ajiye kusa. Sannan ya miƙo mini na'urar ya ce ni zan huda. Ya riƙe mini gwiwar hannu har ƙarfen ya ɓule. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba. A tafiyarsa ta gaba, Alhaji ya je ya tare shi kafin Tsibiri ya leƙa agogon, ya tarar da allura tana lasar jan layi.

Ranar da muka yi hudar, ina tattara kaya na samu na ce masa ya yafe mini. Ya goge hannunsa a hankali, ya ce:

"Gwangwanin bai dame ni ba, ɗana. Kowa ya taɓa jin tsoron ƙarhe. Amma kana zaune kahwaɗarka na taɓa tawa, ka san gaskiya, ka bari anka amshe mani makulli gaban mutane."

Dariyar Jiratawa ta daɗe da daina yi mini ciwo, wannan maganar ce ba ta daina ba.

Abin da na koya dai shi ne, yanzu in ban iya abu ba tun mai motar bai gama fakin ba nake faɗa masa. Na lura in ka ce ban iya ba, mutanen Maradi sun manta kafin magariba. Ni kuwa da na ce na iya, yau shekara shida ke nan, in baƙo ya shigo Sabon Gari yana neman shagona da sunana babu wanda zai gane, sai ya ce wajen Mai Gwangwani.