Rasuwar Mémère, Fihirisa Mai Ginshiƙai Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Rénald Cyr, mai kula da rumbun bayanai na kamfanin kai man ɗumama gidaje a arewacin jihar Maine ta Amurka, yake sanar da rasuwar fihirisarsa, jerin da kwamfuta ke bi don gano bayani da sauri, wadda direbobi suka laƙaba wa suna Mémère, wato Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsaka da aiki, dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Shi ya gina ta da hannunsa tun gashin kansa yana baƙi, ya jera mata ginshiƙai uku: gari, sannan yawan man da ya rage a tanki, sannan ranar da aka kai na ƙarshe. Da wannan jeri take amsa tambayar kowace safiya: a gari kaza, gidan wa mai ya kusa ƙarewa? Kafin direba ya kurɓi kofi, sunaye sun fito. Marigayiya ba ta da surutu. Iyakarta ɗan "tin" ɗin nan idan amsa ta iso, wanda Rénald ya fi so a kan kowace waƙa. Halinta ɗaya ne, kowa kuma ya sani: sai an fara gaya mata gari.

Ciwon ajali ya soma ne da shigowar kaka, lokacin da kamfanin ya haɗe rassansa. Manya suka ce a daina tambaya gari-gari, a kawo yankin gaba ɗaya. Aka cire ginshiƙinta na farko daga tambayar, aka yi ta lafta sharuɗɗa: ko mai haya, ko mai tsoho a gida, ko wanda ya canja tanki, ban da wanda ya ƙaura. Injin da ke zaɓa wa kowace tambaya hanya ya dube ta ya kau da kai, ya koma karanta rumbun layi-layi. Fankokin na'ura suka fara "wuuu", kamar mai haki a kan tudu.

An ba Rénald shawara ya gina wata. Ya ƙi, don ƙauna ta rufe masa ido. Ya sabunta ƙididdiga, ya sake mata gini, duk a banza. Daga ƙarshe ya rubuta umarnin da ke tilasta wa injin bi ta kanta ko yana so ko ba ya so. Wannan magani shi ya ƙarasa ta. Ran Talata tambaya ta shiga ba ta fito ba, motoci suka fita da jerin jiya, kuma babu sunan tsohuwa Léonie Daigle ta garin Madawaska a ciki. Tankinta ya ƙafe, bututun gidanta suka daskare suka fashe. Tana asibiti, likitoci suna ƙoƙarin ceto yatsun ƙafarta da sanyi ya ci.

Marigayiya ta bar jadawalin abokan ciniki, da jadawalin motoci, da wata ƙanwa mai ginshiƙi ɗaya da ba ta taɓa tsinana komai ba amma har yau tana raye. Ta bar kuma magajiya da wani ƙwararre daga birnin Portland ya gina, wadda ba ta da suna sai lamba. Sai Rénald, wanda har yanzu yake waiwayawa duk sanda wayar wani ta yi "tin".

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan motoci sun dawo. Layin umarni ɗaya ne zai shafe ta daga kwamfuta, kuma Rénald aka ce ya rubuta. Daga nan zai miƙa katin shiga ofis, domin shi ma an sallame shi. Za a karɓi gaisuwa a shagon kofi na tsallaken titi. Ya roƙi kada kowa ya kawo masa furanni. Duk mai niyya ya kai su ɗakin da Léonie take kwance, don shi har yau ya kasa shiga.