Shamuwa Ta Cika a Gonar Malam Yari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi sauka, Abdussamadu na Gwadangaji yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekensa mai inji, Shamuwa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a Gulma, cikin shinkafar Malam Yari.

Marigayiya mai haƙuri ce, ga riƙon amana. Shekara biyu tana kai shi ƙasar Argungu wurin Salwa, 'yar Malam Yari, kuma duk waƙoƙin da ya rera a bayanta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Iyakar maganarta "tat-tat-tat".

Ciwon ajali ya kama ta ranar da ya sa mata birkin baya mai faifai. Za shi gaida mahaifin Salwa karon farko, yana so ya tsaya cak a ƙofar gida kamar mutum mai natsuwa. Bawa mai walda ya ce awo na 'yan koyo ne, shi idonsa ya ishe shi. Ya liƙa mariƙin birkin a karkace, faifan ya riƙa goga, Shamuwa na ta "ƙiii, ƙiii". Aka roƙe shi ya kwance ya daidaita, ya ce sabon abu haka yake. To wa zai je gidan surukai da wannan kuka? Abdussamadu ya ɗebo man gyaɗan Ummarsa ya shafe faifan. Kukan ya ɗauke. Birkin ma ya ɗauke.

Ya iske Malam Yari da dattawa uku bisa tabarma suna jiransa. Ya matse birki, ya wuce su, ya miƙe sai cikin gonar shinkafa. Sallamar ma a guje ya yi ta. Kalmar Shamuwa ta ƙarshe, da ruwan fadama ya rufe injinta, ita ce "bul".

Ta bar famfo ɗaya, da ƙararrawa, da kunya ɗaya ta shinkafa a kwance. Ta bar Salwa, wadda kwana uku ke nan ba ta ɗaga waya. Ta kuma bar Bawa, mai alfaharin cewa waldarsa dai ba ta saki ba.

Gobe Laraba bayan La'asar za a ɗauke ta a amalanke zuwa wurin 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ban da ta Bawa. Ba za a yi zaman makoki ba, don mai gawa ya riga ya faɗa a gaban Umma:

"Jibi Gulma za ni, in tada shinkahwar nan da hannuna. Da ƙahwa za ni shiga garin, ita dai tana tsayawa."