Tuwon Amarya da Kajin Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matar Yayana ta yi girkinta na farko a gidanmu ba.

A lokacin ni da Rukayya, 'yar ƙanin babana, mun ɗaura niyyar rage ƙiba. Ita ta zaɓi ƙirga kalori: tana cin komai, sai dai kaɗan, tana duba waya kafin ta kai loma. Ni kuwa na karanta cewa sitaci ne tushen matsalar, sai na raba gari da tuwo, shinkafa, fura, waina, duk wani abu da aka sussuka aka daka. (A Gagarawa fa, inda hatsi ne safe, hatsi ne rana.) Rukayya ta ce hanyata ba ta ɓullewa, ni na ce tata ta masu kwaɗayi ce.

Abin da ban sani ba shi ne gudun sitaci yana mayar da mutum mai zargi. Miya ta yi kauri? An zuba gari. Ƙosai ya yi laushi? Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa. Ko nono aka miƙo min sai na nutsa ludayi har ƙasan ƙwarya ina laluben fura. Ni da nake zama gindin darbejiya ina rubuta wa gajimare waƙa, na koma mai shinshina kwano.

Ana cikin haka Yaya Sani ya auro Anti Hadiza daga Maigatari. Da ta cika kwanakin amarci ta shiga madafa, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta raba wa dangin miji. Gwaggonta da ta rako ta, Gwaggo Ladi, tana nan ba ta koma ba, tana jira ta ji an yaba hannun 'yarta. Amarya da kanta ta kawo min nawa, kanta a ƙasa. Na buɗe, na sunkuya, na shinshina.

“Anti, me da me kika sa a miyar nan?”

Ta lissafa min a hankali: kabewa, gyaɗa, alayyafo.

“Ba wani abu kuma? Kin tabbata?”

Ta ɗago ta dube ni, ta juya ta tafi. Ni a raina gari nake nufi.

Mayar da kwanon amarya a cike cin fuska ne, wannan na sani. Sai na yi dabara (a ganina): na tsince naman, na zagaya bayan rumbu, na gutsura tuwon na watsa wa kaji. Da na watsa na tafi, da an wuce wurin. Amma hasken hantsi ya sauka a kan wuyan wani jan zakara, na tsuguna na zuba tagumi ina kallonsu, ina neman kalmar da za ta dace da launin.

“Sun mutu?”

Na waiwaya. Gwaggo Ladi ce, da buta a hannu.

“Na ce sun mutu, ko mu ƙara jira?”

Kafin in haɗa magana ta isa tsakar gida. Ta ce an tuhumi 'yarta da baki, an kuma gwada girkinta a kan kaji. “'Ya muka kawo muku, ba mai barbaɗe ba! Hadiza, ɗauko mayafinki, motar Maigatari ba ta ƙare ba.” Amarya na kuka, Yaya Sani ya tsaya a bakin zaure kamar an dasa shi.

Kakarmu Inna ta sa aka kira ni gaban kowa. Na durƙusa na ce wallahi ba Anti nake tsoro ba, tuwon nake tsoro.

“Tuwon ya taɓa cizon ki?” in ji Inna.

Na fara bayanin sitaci, da yadda yake komawa kitse a jiki. Kalmomin na fita kamar na mai kare ƙarya. Gwaggo Ladi ta taɓe baki.

“Budurwa ta samu jiki mai kyau ta ce tana gudunsa? Hajiya, a nemo wata, wannan ba ta shiga ba.”

Na juya wajen Rukayya, shaidata ɗaya tilo. Ta gama auna rabin malmalarta ta cinye, har amarya ta sa mata albarka.

“Ni dai na ci nawa,” ta ce, tana lasar yatsa.

Inna ta yanke hukunci: a kawo sauran na tukunya. Aka ajiye min malmala uku a tsakiyar tabarma, mata suka kewaye ni, har maƙwabta ta kan katanga. Na yi bismillah. Loma ta farko don auren Yayana na kai ta. Ta biyu ma haka. Daga ta uku kuwa, gaskiya, na manta da auren. Wata guda rabona da tuwo! Ban ankara ba na ji bakina yana cewa, “Anti, da sauran miya?”

Anti Hadiza ce ta fara dariya, da hawayenta da komai. Gwaggo Ladi ta jima tana kallona, sai da ta ga na suɗe kwano sannan ta sauke jakarta.

Har yau ban san wadda ta fi gaskiya tsakanina da Rukayya ba, don ni dai ban rame ba, ita ma zaninta bai shaida komai ba. Abin da na koya shi ne, mai cin kaɗan ana ce mata mai kunya, mai ƙin ci kuwa sai ta rantse. Yanzu duk gidan da na shiga, nakan kai loma tukuna, in ya so in yi nadamar a hanya.