Rasuwar Gwaggo ta Ƙarƙashin Katako

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ya fi baƙin cikin nauyi, malamin rawa na ajin kurame yake sanar da rasuwar Gwaggo, babbar sifikar da ta shekara tara a kwance ƙarƙashin daɓen katakon ajin. Ta cika ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar waƙa.

Babu wanda ya taɓa jin muryarta a ajin, har malamin, don shi ma kurma ne. Da tafin ƙafa aka san ta. In ta ce dum, sai abin ya hau ta dunduniya ya tsaya a ƙirji. In ta ce dum-dum, yara goma sha ɗaya su juya lokaci guda. Ba ta taɓa gajiya da maimaita magana ba.

Ta yi jinyar sati uku, ba wanda ya sani. Takardar bakinta ce ta tsage, sai ta soma wata karkarwa mai sosa ƙafa. Yara suka ji daɗin abin. Suna nuna sama da yatsa a ƙara, malamin yana murɗa maɓalli. Ashe kakarin mutuwarta suke yi wa rawa. Telan da ke maƙwabtaka ya ji komai. Sai bayan rasuwar ya rubuto a bayan kwali: "Malam, wallahi na ɗauka haka kiɗanku yake. Kamar an kulle akuya a durom." Mai gyara ya leƙa, ya shinshina, ya girgiza kai. Wannan kowa ya gane ba tafinta.

Marigayiya ta bar amfilifaya ɗaya, da wayoyi biyu, da yaran nan. Cikinsu akwai Tsalle, 'yar shekara goma. Mahaifinta direban tanka ne, ya ce ranar Asabar zai zo ya ga rawar da idonsa. In buga ƙafa ce kawai a kan katako, zai mayar da ita gida ta zauna. Kafin ta san Gwaggo, yarinyar ta shekara biyu ba ta ɗaga ido ta kalli mutum. Tun Litinin take kwantar da kuncinta a katako, tana jira.

Za a ciro gawar ranar Alhamis a miƙa wa mai tsofaffin ƙarafa. Gurbinta kuma, malamin ne zai shiga ranar Asabar, ya kwanta rigingine da gudumar katako yana dukan daɓen daga ƙasa. Ya gwada jiya. Minti huɗu ya yi, ya fito. Can ciki duhu ne, kurma kuwa a duhu ba shi da kowa: ba hannu, ba fuska. Ba zai ga ko sun juya ba, ba zai ga fuskar direba ba.

Tsalle ta kalli gumin da ke goshinsa, ta ce masa da hannu: "Kai dai ka buga, tsoho. In ka ɓata, zan taka saitin kanka sau biyu. In ka ji shiru, an tafi da ni ne."

Za a karɓi gaisuwa a ajin ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Ana roƙon masu ta'aziyya su cire takalmi a ƙofa, su tsaya a kan katakon. Har direban.