Man Shanu a Kumatun Jikata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da malamar asibiti ta sunsuna jikata ba, ni kuwa ina tsaye a gefe da rawanina.

Habsu watanta bakwai lokacin. Kumatunta da bayan gwiwoyinta sun yi ja sun bushe, tana susa har jini. A asibitin mishan suka ce jikinta bai yarda da nonon shanu ba, uwar ma da ke shayarwa ta bar fura da nono. Suka ba da pomad, wato maganin shafawa. Na gyaɗa kai (na yi lakwal, makarantar boko, har aji uku a garin Buza, ba a yi mini bayani sau biyu).

Amma mu da man shanu aka shafe mu duka muna jarirai, kuma ga mu. Kullum da hantsi in an miƙo mini ita, sai in fiddo ɗan gwangwanina na man shanu daga aljihu in laƙaba mata. Kumatu suka ƙara kumbura. Na tara gida na yanke hukunci: sabulun uwarta ne. Rabi, matar ɗana, ta sunkuyar da kai, don suruka ba ta musu da uban miji.

Da muka koma asibiti, na bi su don in yi bayani da faransanci. Malamar ta ɗauki yarinya, ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Wa ke shirin soya ɗiyar ga?"

Ta juya kan Rabi da faɗa, wai sakacinta zai sa ƙurajen su ruɓe. Rabi sai hawaye. Ashe ta sani tun ranar farko. Kowace rana wanke yarinyar take a ɓoye. Ni kuma zafin garin Madawa ya gama aikinsa: gwangwani ya narke, maiƙo ya zubo daga aljihu har gwiwa.

Malamar ta dubi rigata, ta dube ni.

"Baba, kai ma ƙaiƙayin kake?"

Na ce, da hausa tsantsa, a bar Rabi, yarinyar mutane, ni ne.

Sati biyu da pomad kaɗai, kumatu suka lafa. Na ba Rabi haƙuri ta bakin tsohuwata uwargida, wadda ta ƙara nata gishirin. Abin da na koya: in surukarka ta yi shiru, kada ka ɗauka gaskiya gare ka. Yanzu kafin a ba ni Habsu, sai an laluba aljihuna.