Jakar da Ta Je Inugu Ba Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, kuma tun kafin wani ya riga ni faɗa: ni ne wawan labarin.

Lokacin ina makaniki a wata masaƙa a Sharada. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma biro uku nake sokewa a aljihu (biyu ba sa rubutu). Ba abin da nake so a duniya kamar in ji an kira ni Injiniya.

Sai aka turo mana Ladi, 'yar jami'a, ta zo sanin makamar aiki. Damuwarta ɗaya: me ya sa zare ke yawan tsinkewa da rani? Na nuna mata dabarata, in jiƙa buhunan algarara in rataye kusa da injin. Ta yi ta aune-aune, ta rubuta takarda, aka gayyace ta taron injiniyoyi a Inugu. Jami'a ta ce ba kuɗin tafiya. Manaja ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ni kuwa kwasar adashina ta zo, wadda na daɗe ina yi wa tanadin keke. Na damƙa mata duka. A lissafina, wanda ya yi wa amarya kayan ɗaki ai ba a aika masa goron gayyata. Ban tambaye ta ba. Na ɗinka safari, na sanar da duk layinmu a Ɗorayi, na kwana uku ina haddace gaisuwar Turanci a gaban madubi. Har ina hango kaina a zauren taron, fanka na juyawa, masu gilashi suna gyaɗa kai saboda buhuna.

Ranar tafiya abokan aiki suka yi mata rakiya tashar jirgin ƙasa. Sai ga ni cikin safari da jaka. Ladi ta durƙusa ta gaishe ni, tikiti ɗaya tal a hannunta.

"Baba, ku ma tafiya za ku yi?"

Ashe taron nan sai wanda aka rubuta sunansa, kuma kuɗin ma mutum ɗaya suka ɗauka. Na yi gyaran murya irin ta manya.

"Ni? Ina! Jakar nan ai taki ce, ɗan guzuri."

Ta karɓa har da hawaye. Ina tsaye jirgi ya tafi da kilishina, da buta, da wanduna biyu. Na bi bayan gari na koma gida a ƙasa.

Bayan mako guda ta zo har gida da jakar, komai a ninke (kilishin dai bai dawo ba). Ta nuna mini sunana a ƙasan takardar, wurin godiya. Har yau tana cikin akwatina, kuma har yau ina son in san yadda aka tafa. Abin da na koya: kafin ka ɗinka safari, ka tambaya.

Da Ladi ta tafi na ce wa mai ɗakina, "Hajara, kin gani? Sunana ya shiga taron injiniyoyi."

Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Malam, ai wandonka ma ya shiga, kuma bai dame mu da surutu ba."