Yadda Za Ka Raɗa wa Hotunan Tarihi Suna Har Ofis Ya Kasa Rabuwa da Kai

Idan aikinka a ma'ajiyar tarihi shi ne ɗaukar tsofaffin hotuna da na'ura kana zuba su a kwamfuta, kuma ka ji ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko kowa aka sallama kai kana nan daram. A kaina na gwada.

1. Yi watsi da ƙa'ida

Za a ce kowane hoto ka sa masa lambar akwati, lambar fayil, sannan tasa lambar, don jagorar da masu bincike ke dubawa ta kai su kansa kai tsaye. Ka ce "To, ranka ya daɗe," ka juya ka yi abinka. Hoton da kowa zai iya nemowa, neman me za a yi maka?

2. Raɗa suna daga zuci

Na yau ka kira shi "sabo". Na gobe "sabo sosai". Sai "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaskiya", da "wannan ne dai". Akwai hoton wata gada da na sa wa "ciwon haƙori", don shi ke damuna ran nan. Masana sun san tarihi ba ya rabuwa da halin da mai adana shi ke ciki.

3. Taɓa sunan bayan an gama haɗawa

Jira sai abokiyar aikinka ta gama liƙa kowane hoto da gurbinsa a jagora. Tamu 'Yar Tsari muke ce mata, ko kofin shayinta da lamba a gindi. Sai ka lallaɓa ka ƙara ɗigo ɗaya a suna. Duk wanda ya danna, kwamfuta ta ce babu, ko ta kawo wani abu daban.

In ta ce, "Malam, ka taɓa foldar nan ne?" ka ce, "Ni? Ɗan gyara kawai na yi."

4. Bari sai an neme ka

Wata tsohuwa ta zo mana neman hoton mahaifinta, direban jirgin ƙasa, wanda ya rasu tana goye. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Jagora ta nuna akwai hoton. Oga da kansa ya danna, sai ga bijimi a wajen gasar manoma.

"Ba babana ba ne wannan," in ji ta a hankali, "ko da yake an ce ƙaƙƙarfa ne."

Oga ya share gumi, ya aika a kira ni. Kada ka yi gaggawa a nan, ƙarasa shayinka. Na zo na buɗe foldar "a duba daga baya", na ciro "mai gashin baki na biyu". Ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin kwamfutar da yatsa.

"Ashe hancinsa na ɗauko," ta ce.

Kar ka kalli fuskarta a lokacin. Ni na kalla, saura kaɗan in koma bin ƙa'ida. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Ofis ɗin nan ba ya yi sai da kai."

5. Ci moriyar aikinka

An rage ma'aikata, ba a taɓa ni ba. Hutu ma ba a ba ni ba, don in na tafi wa zai nemo hoto? Da ƙarin girma ya zo, 'Yar Tsari aka ba, wai aikinta na tafiya ko ba ta nan. Yanzu ita ce ogata. Umarninta na farko: in mayar da kowane suna kan ƙa'ida, ni kaɗai, tunda ba wanda ya san kan abin sai ni.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, hana hutu ne ko hawan jini, ba ruwana. Alkawarin zama na yi maka, ban ce za ka ji daɗin zaman ba. Kuma kada ka kira ni in tuna maka inda ka ajiye hotonka. Ni ma ina da foldar da na sa wa "kar a taɓa", na manta dalili, har yau ban iya buɗe ta ba.